Tuwon Ƙasa

Tun da aka kafa dokar awarwaro, kowane yaro a gidan raino yana da nasa a hannu. In yana koyon abu mai amfani, awarwaron ya yi kore. In shiririta yake, ya yi ja, kuma in jan ya yi yawa sai a rufe gidan.

Da hantsi Barmani tana shagon ɗinki ta duba waya, ta ga awarwaron 'yarta Kyauta ja wur. Ta yar da almakashi ta fita ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta tarar da yaran zaune a tsakar gida, hannuwa dumu-dumu da taɓo. Iya Tasallah mai raino tana kan tabarma tana kallonsu.

"Iya, so kike a rufe miki gida?"

"Ruwa aka yi da asuba, 'yar nan. Ƙasa ta yi laushi. Ni zan hana su tuƙa tuwo?"

Kyauta ta taho da marfin gwangwani, malmalar tuwon ƙasa a kai, da miyar ganyen darbejiya.

"Mama, bismillah."

Barmani ta durƙusa, ta gutsuri loma ta kai kusa da baki, ta yamutsa fuska. "Kai! Wannan miya ba gishiri!"

Yara suka kwashe da dariya. Kyauta kuwa sai da ta fara duba hannunta, kamar mai neman izini, sannan ta dara.

Barmani ta ɗebi taɓo ta shafe awarwaron har jan ya ɓace. Ta tuɓe takalmi ta zauna, ta miƙa wa Kyauta marfin.

"Uwar gida, ƙaro min."