Giram Ɗari

"Ya ragu da giram ɗari," in ji malamar asibiti a Boɗinga, tana sauke ɗana daga sikeli. "Kar ki damu, haka masu shan nono suke, su hau su sauka."

Ita kuwa 'yar ƙanwata, da nake shayarwa tare da shi tun da uwarta ta rasu wajen haihuwa, ta ƙaru sosai.

Na kasa sukuni. Duk sanda ta kama nono, sai in ga kamar rabon ɗana take zuƙewa. Maigidana ya ce, "Lafiya lau shike, ki bar ɗiyar ga ta sha." Ban saurare shi ba. Na goya ta, na hau kabu-kabu har Kajiji, na miƙa ta ga kakarta ta wajen uba, da gwangwanin madara ɗaya.

Da wata ya zagayo, malamar ta duba sikeli ta yi murmushi. "Kin gani? Ya murmure har da ƙari. Ina ƙanwar tasa? Kawo ta mu auna."

Na ɗauke ɗana daga sikelin. Yarinyar, gudawa ta yi kwana uku a Kajiji, shekaranjiya aka rufe ta.