Farantin Panditji

Jamuni ta sauko da farantin tagulla daga jikin bango, ta goge shi da toka har ya ɗauki ido, ta naɗe shi a gefen zanenta. Rediyon mai shayi ne ya faɗa da safe: Pandit Girdhari Awasthi, wanda ake kira Panditji, ya mutu, za a ajiye gawarsa a gidansa na Laknau jama'a su yi ban kwana.

A ƙauyen Semraha ba wanda bai san farantin nan ba. Unguwar dukawa tana can bayan kududdufi, inda warin fata ba zai dami manya ba. Ɗan babban gida, ko inuwar baduku ce ta taɓa shi, sai ya yi wanka. Amma a zaɓen farko bayan tafiyar Turawa, sai ga motar Panditji a bakin unguwar. Shi da ya fito daga gidan Brahmin, ajin da ya fi kowane daraja, ya shiga ɗakin Jamuni, matar baduku, ya ci gurasar gero da miyar wake daga hannunta. Tun daga nan kowane zaɓe sai ya dawo, yana ɗan majalisa, har ya zama minista.

Yakan zo da farar hula da baƙin tabarau, mayafin ulu ya rufe masa har haɓa. Ba ya cewa uffan. Sakatarensa ya ce al'adar gidansu ce, ba a magana a kan abinci. Ƙofar ɗakin gajeriya ce, kullum sai sakataren ya buge goshi, shi kuwa Panditji bai taɓa ba. Yakan cinye tas, ya sa guntun gurasa ya suɗe farantin. Mai hoto ya ɗauka, a yi tafi, mota ta tashi.

Jamuni ba ta iya haɗa ido da shi, don haka hannunsa ta fi sani. A babban yatsansa na dama akwai kanta da wata tsohuwar tsaga, irin wadda zaren ɗinkin takalmi ya bar wa mijinta. Ta tambayi sakatare, ya ce ai kaɗin auduga ne, shekarun da ya yi a kurkukun Turawa yana kaɗi. Ranar sai da ta yi hawaye.

Ita ta riƙa bin gida-gida lokacin zaɓe, unguwar kaf ta jefa masa ƙuri'a. Rijiyar da aka yi musu alkawari kuwa shiru, kullum ana kan magana.

Ɗanta ɗaya ne, Ramphal. Ya je aikin jima a Kanpur, ya dawo da baki.

"Inna, gurasa nawa ya ci, rijiya nawa ya haƙa? Har yau tsugunawa kike yi nesa da rijiyar manya, sai an ga dama a tsiyayo miki daga sama. Wannan farantin da kike bauta wa, ki ba ni in zuba wa kare."

Ta ɗauke shi da mari a gaban maƙwabta.

"Mutumin da ya ci daga hannuna kake zagi? Fita! In ba ka je ka taɓa ƙafarsa ba, kada ka ƙara tako min ɗaki."

Taurin kai a nono ya sha shi, don haka ya fita. Ya yi aure a Kanpur ba ta je ba. Mijinta ya mutu, yaron ya zo wurin ƙona gawa ya juya bai shiga unguwa ba. An ce yana da 'ya'ya, ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Abin yana cin ta ƙwarai, amma duk wanda ya zo ba ta baki sai ta nuna masa farantin da ke bango. Babban mutum ya ɗauke ta a matsayin mutum, ita kuwa ba butulu ba ce.

A Laknau layin masu ban kwana ya kai titi. Wajen turmutsitsin sauka daga bas maɗaurin takalminta ya tsinke, ta ƙarasa tana jan ƙafa. A bakin ƙofar gidan kowa na tuɓe takalmi, wani tsoho na tsugune a cikinsu yana jerawa, kansa a sunkuye. Ta tura masa nata ta wuce.

Gawar na tsakar gida, furanni sun rufe ta har ƙirji, hannuwa a ɗore a sama. Jamuni ta kwance farantin za ta ajiye a ƙafarsa. Ta ce bari ta ga hannun nan sau ɗaya na ƙarshe.

Yatsan sumul yake kamar na amarya. Ta matsa, ta ƙura ido. Ta duba na hagu ko ta manta ne. Babu kanta, babu tsaga.

"Gaba, tsohuwa, gaba!" in ji ɗan sanda.

Ta fito da farantin a hannu. Tsohon nan ya miƙo mata takalminta, an ɗinke maɗaurin tsaf. Idonta ya sauka a kan babban yatsan da ke riƙe da shi, ga kantar ga tsagar, sannan ta ɗaga kai, karo na farko, ta kalli fuskar.

"Yaya Jamuni, ki yafe ni," ya ce ƙasa-ƙasa. "Hula da tabarau kawai ake sa min. Shi Panditji yana masaukin baƙi a gari yana jira, bai ma san hanyar unguwarku ba."