Tayar da Na Kai wa Manaja

Na dire tayar a kan teburin manajan kamfanin da ya ƙera motata.

"Zuwana na huɗu ke nan! Ƙafar motocinku a karkace take, shi ya sa suke cinye taya ta gefe guda. Ku gyara min!"

Ya shafa inda ta suɗe har waya ta fito, ya taɓe baki.

"Malam, motarmu lafiyarta ƙalau. Mai wannan tayar ne bai iya tuƙi ba, sai ganganci."

"Ka tabbata?"

"Ko a kotu zan maimaita."

"To, leƙa taga."

Ya leƙa. Ga motarsa, irin tawa sak, ɗage a kan jak, ƙanena bakanike riƙe da sufana.

"Tayarka ce, ranka ya daɗe."