Mai Feraye Dankali

Ranar da zanensa ya ci lambar yabo a baje kolin Paris, ranar aka binne matarsa.

Ita ce a zanen, zaune bakin taga da takalmin katako, kai a sunkuye, tana feraye dankali. Tun daga nan dillalin da ke sayar masa da zane bai ƙara karɓar wani zane a hannunsa ba sai irinsa. Mai zanen ya tsufa a ɗakin nan yana maimaita ta.

Wata rana ya gwada zana ta tana kallonsa. Dillalin ya leƙa ya tuntsire da dariya.

"Haba gwani! Wane attajiri zai rataye talaka a falo tana zare masa ido yana cin nama? Kuma idanun wa ka ara mata? Ai na mai wankinka ne."

Mai zanen ya duba, gaskiya ne. Ya kankare ya sake, idanun suka fito na wata maƙwabciya.

Wuyanta da yatsunta ya haddace su sarai, don shi ya zaɓa mata zaman, amma idanunta sun ɓace masa. Ya mayar da kanta ƙasa yadda ake saye, bai taɓa ce mata ba: "Ɗago, in gan ki."