Kunnen Tasalla

Tun da aka fara dasa wa ma'aikata iyafis, 'yar na'urar sauraro, a cikin kunne, kwamfutar ofis ce ke iko da jin Tasalla, waya kuwa sai in ta samu sarari. Ana tsakiyar aiki ƙanenta Ilu ya kira daga asibiti.

"Yaya, Inna ta farfaɗo, tana cewa..."

Kwamfuta ta fizge kunnen, muryar manaja ta cika mata kai. Tasalla ta mayar da shi kan waya, aka sake ƙwacewa. Ta tashi, ta zauna, ta kasa sukuni. Da abin ya ishe ta, ta kashe kwamfutar.

"Ilu, me ta ce?"

Sai duniya ta yi tsit. Kamfani ya rufe kunnen gaba ɗaya. Ta zari mayafi ta nufi asibiti. Ko motsin leɓen Inna ta gani, za ta gane.