Rigar Sa'ar Gola

A jirgin ƙasa zuwa wasan ƙarshe a Paris, golan ƙungiyar ƙwallon tsohuwar jami'ar Lyon ya buɗe jakarsa, ƙamshin sabulu ya daki hancinsa. Inna ta wanke rigar sa'arsa! Wasa goma sha biyu ba wanda ya ci su, shi kuwa ya rantse rigar ba za ta ga ruwa ba sai sun ɗauki kofi.

Ya kasa zaune, ya kasa tsaye. A filin wasa ma hankalinsa na kan rigar har aka tashi, kofi ya zama nasu.

Ya kira gida yana haki. "Inna, saura ƙiris ki kashe mu!"

Ta ja tsaki. "Ɗan nan, tun wasan farko nake wanke ta. Sabulu kawai na canza."