Hannuwan da Suka Karɓi Alhaji

Da aka sauke makarar a bakin kabari, liman ya ce, "'Ya'yansa su shiga su karɓe shi."

Ɗa ɗaya Alhaji ya bari, shi kuwa cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye. Mutanen unguwar Sabo suka sunkuyar da kai. Wani dattijo mai fataucin goro, aminin mamacin, ya fara naɗe hannun riga.

"Baba, dakata," in ji saurayin, ɗan Alhaji. "Ku sauke ni."

Shekaru ke nan wani ɗalibin jami'a, Bayarabe, yana zuwa ɗaukarsa duk Asabar, ya kwantar da shi a kan benci, ya koya masa ɗaga ƙarfe. Alhaji bai taɓa zuwa kallo ba. Cewa yake, "Wanda ake ɗauka, me zai ɗauka?"

Ɗalibin ne ya ciro shi daga keken guragu, ya zaunar da shi cikin ramin. Saurayin ya miƙa hannuwa sama yadda aka koya masa, aka ɗora masa mahaifinsa.

Ya sha ɗaga ƙarfen da ya ninka wannan nauyi. Ya sauko da Alhaji a hankali, ya kwantar da shi a makwancinsa.